Iyaye, wane irin wasan baki kuke yi da yaranku a gida?

Maman Khalifa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen iyaye da malamai da duk wanda ya san kan yara. Ina zaune a Rijiyar Zaki, yarana biyu, Khalifa shekararsa biyar yana ajin ƙarshe na nazire, sai ƙanwarsa Ilham mai shekara biyu da wata huɗu.

Khalifa yana magana ba wai baya yi ba, amma maganar tasa guntu-guntu ce, in ya dawo daga makaranta nace me kuka yi yau sai yace ba komai, wa ya baka wannan biskit ɗin, wani, in na aike shi ya ɗauko min ludayi ko mara sai ya tsaya yana kallona yace wanne ne, shi komai a wajensa "abun nan" ne. Waƙoƙin Turanci na makaranta kam ya haddace su tas yana rerawa har da rawa, amma ki tsayar da shi ki tambaye shi me kalma ɗaya take nufi sai yayi shiru. Antinsu ta makaranta tace in saka shi a lesin kuma in rage yi masa Hausa a gida wai ita take hana shi kama Turanci, ni dai abin bai kwanta min ba, ta yaya zan zauna da ɗana a gida ina masa yaren da ni kaina bana mafarki da shi, kuma kuɗin lesin ɗin ma a wannan yanayin sai a hankali.

Ita kuwa Ilham kalmominta basu fi a ƙirga da yatsun hannu ba, mama, baba, a'a, sauran duk nuni take da hannu ko ta ja zanina ta kai ni wajen abin. Surukata tace in rabu da ita babansu ma bai yi magana da wuri ba.

Tambayata, akwai wasanni na baki da ba sai an sayi komai ba waɗanda zan dinga yi da su ina cikin aikina, don bakinsu ya buɗe su san sunan abubuwa su iya bada labari? Kuma da gaske ne Hausar gida tana ɓata wa yaro Turanci? Allah ya saka da alheri.

Hajiya Yakasai

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya miki su ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Ki kwantar da hankalinki, abin da kike nema ba sai kin shiga kasuwa ba. Mu da muka taso a cikin gari, bayan sallar isha tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida, yaran gidan da na maƙwabta a haɗu, kafin a shiga tatsuniya sai an fara da kacici-kacici, kuma har yau shi nake yi da jikokina in an ɗauke wuta, su da kansu suke zuwa suce Hajiya a yi mana ƙulun ƙulufit.

Ki fara masa da waɗanda amsarsu tana gabansa yana kallo. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya kenan, ki ɗauko tsintsiyar ki miƙa masa ya ga maɗaurin da idonsa. Baba na ɗaka gemu na waje, wuta da hayaƙi, wannan ranar da kika hura itace ko gawayi zaki yi masa. Ɗakin samari babu ƙofa, ƙwai. Tsumangiyar kan hanya fyaɗe yaro fyaɗe babba, yunwa. Rawanin baba ya faskari naɗewa, hanya. Na wanke ƙwaryata na je da ita gabas na je da ita yamma bata bushe ba, harshen kare. Ƙulun ƙulufit ɗin kuma gauta ne. Abin da nake so ki kula da shi, kar ki yi gaggawar faɗa masa amsa, ki barshi yayi ta canka, ko me ya faɗa kice to me yasa kace haka, in kuma an faɗi amsar ki sake tambayarsa, a ina ka ga shanu a jikin tsintsiya? A nan ne dole ya buɗe baki yayi doguwar magana, don ba a bayanin wannan da eh ko a'a. Kinga a zama ɗaya ya ji maɗauri, ya ji tsumangiya, ya ji fyaɗe, ya ji faskara, waɗannan babu ajin da za a koya masa su.

Kuma ki yi masa da ƙa'idarsa yadda muka gada. In ya kasa sai kice bani gari, shi kuma ya baki gari kafin ki faɗi amsa, in ya baki wanda aka riga aka bayar kice bana so a sake wani. Jikokina ta haka suka san Bichi da Wudil da Rano da Gaya da Ƙaraye da Dambatta, har suna gardamar wanne yafi nisa, da garuruwan Kano suka ƙare musu suka tsallaka Daura da Zariya da Haɗeja. Bayan an kwana biyu kuma ki juya, kice yau kai zaka yi min. Da farko naki zai dinga maimaita miki, ki nuna kamar kina tunani sosai, daga baya zai fara ƙirƙiro nasa, wata jikata ce tace min wai yana ta gudu baya zuwa ko'ina, ashe fanka take nufi, wallahi ranar na ji daɗi har raina.

Sai jini-jini. Ke kice jini jini su amsa, mu a unguwarmu ja muke amsawa, kice akuya da jini, ja, kaza da jini, ja, ki yi ta jerowa da sauri sai ki jefa dutse da jini, wanda ya amsa ya faɗi. Da can dukan wanda ya faɗi ake yi a dandali, to wannan ki cire shi sam, yaron da yake tsoron duka ko dariya rufe bakinsa zai yi. Haka awo-awo, a jero gero da dawa da masara da wake, sai a jefa abin da ba a aunawa. Wasan nan yana koya wa yaro kasa kunne, yana kuma koya masa raba abubuwa gida-gida.

Tatsuniya kuwa kar ki yi ta zuba shi yana kwance kamar rediyo kika kunna masa. Kice ga ta nan ga ta nanku ki jira sai ya amsa, in kin kai inda Gizo ya shiga uku ki tsaya kice to yanzu me kake gani zai gaya wa Ƙoƙi? Washegari kuma kice na manta ta jiya, tuna min. Ko ya hargitsa ta ya sako mota da jirgi a ciki ki barshi ya kai ƙarshe.

Zancen ki daina masa Hausa dai ban yarda da shi ba ko kaɗan, amma na bar wa malamai su yi bayani.

Malam Gwale

Allah ya ƙara girma Hajiya, kin gama magana, namu ƙari ne kawai. Maman Khalifa ni malamin firamare ne, aji ɗaya da aji biyu nake ɗauka, kuma irin Khalifa sune suka fi yawa a gabana duk shekara, yaro ya iya rera A B C daga farko har ƙarshe amma kace wace kalma ce take farawa da irin sautin da "baba" ya fara da shi sai ido. Karatu a kunne yake farawa kafin ya zo ido. Yaron da kunnensa bai saba rarrabe sautukan da suke cikin kalma ba, in an nuna masa harafi zane kawai yake gani. Ko a makarantar allo ai ba a fara wa yaro da jimla, babbaƙu ake fara yi sannan farfaru, kuma da baki ake biyawa. Mu kuma Allah ya taimake mu Hausa gaɓa-gaɓa take tafiya, baƙi da wasali, baƙi da wasali, shi yasa wasan gaɓa yake da daɗi da ita sosai.

Mafi sauƙi shine tafi. Ki kira sunansa kuna tafawa, Kha-li-fa uku, Il-ham biyu, ta-bar-ma uku, a-dai-dai-ta huɗu, kina wanke-wanke yana gefe duk abin da kika ɗauka ku tafa sunansa, a nan ludayin da marar zasu shiga kansa ba tare da ya san karatu ake ba.

In ya kama wannan sai ku shiga sarƙa, wato gaɓar da kalmarki ta ƙare da ita da ita tasa zata fara. Kice kaza yace zabo, kice boka yace kare, reza, zaki, kifi, fitila, labule, lemo, mota, tasa, sabulu, ludayi, haka har wani ya maƙale. A ajina wannan ne yara suka fi so, har tashi ake suna roƙon a ƙara. Da farko zai dinga kawo kalmar da babu ita, kar kice ƙarya ne, kice ita wannan me take nufi, in yace bai sani ba sai ku nemo ta gaske tare.

Sai juya gaɓa, wanda asalinsa cikin zaurance ne da 'yan mata suke yi don kar a gane zancensu. Kice in na juya riga me zata zama? Gari. Tafi ta koma fita, sama ta koma masa, rago ya koma gora, baka ya koma kaba, raba ta koma bara. Yaron da ya iya ɗaga gaɓa a cikin kansa ya mayar da ita gaba, wallahi haɗa ba da ki ya karanta baki ba zai bashi wuya ba. Ɗaya zaurancen na cusa gaɓa, irin tafi ta zama tadafidi, ki bari sai ya kai shekara bakwai haka, yanzu zai rikita shi.

Akwai kuma abin da yake damuna ƙwarai, yaranmu na cikin birni sun fara rasa ƙ da ɗ da ɓ da ts a bakinsu, musamman waɗanda suka tashi a gaban katun. Ki gwada shi, kice kura ce take cin akuya ko ƙura? Ƙasa ake takawa ko kasa? Ɓari aka yi ko bari? Ki faɗa da gangan ba daidai ba, kice yau kura ta cika min ɗaki sai na share, zai yi dariya ya gyara miki, kuma gyaran da yaro yayi wa babba baya manta shi. Karya harshe ma aikinsa kenan, turmi ture kura kura ture turmi, ko tantabara tara ƙwai tara, ko wancan na ƙato da kwaɗo da suka tafi ƙoto, ƙato ne zai ƙwace wa kwaɗo ƙoto ko kwaɗo ne zai ƙwace wa ƙato ƙoto. A hankali za a fara, saurin daga baya ne.

Na yawan kalmomi kuma ga wanda nake yi in an kusa tashi, nace fari suce fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, sabo fil, shiru tsit, ɗaya tak. Ko ɗaya da yawa, gida gidaje, kaza kaji, akuya awaki, tunkiya tumaki, doki dawaki, sa shanu, dutse duwatsu. In kika ji yace akuyoyi kar ki tsawata, alama ce mai kyau, ya gano yadda ake yin taga tagogi da mota motoci shine yake gwadawa a ko'ina, ke dai ki maimaita daidai, eh awaki ne guda uku, ki wuce. Ko kice kare me yake yi, haushi, zakara cara, doki haniniya. Ko kalma ɗaya mai fuska biyu, gari na tuwo da gari na mutane, kuka ta miya da kuka na hawaye, wuya ta wahala da wuyan da ake sa sarƙa, yace miki wanne kike nufi, daga ɗagawa da saukar murya da jan wasali yake ganewa.

Zancen Turanci kuwa, da girmamawa ga antin tasu amma ba haka bane. Yaro yana iya ɗaukar harshe biyu har uku, namu ma ai suna haɗawa da Larabcin Islamiyya. Abin da na gani da idona, yaron da ya iya tsara labari da Hausa, wannan ya faru sannan wannan saboda kaza, shine yake saurin yin haka da Turanci in ya samu kalmomin, don tsarin tunanin ya riga ya ginu. Wanda aka hana shi Hausa aka bashi guntun Turanci na zo, tafi, zauna, shi ba nan ba shi ba can ba. Hukuma ma kanta tayi ta kai da kawo a kan wannan, a 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a ƙarshen 2025 kuma aka soke aka ce a koma Turanci. Ko me aka yanke a Abuja, tsakar gidanki ke kike da iko da ita, ki yi masa harshen da kika fi ƙwarewa a ciki, wanda zaki iya yi masa wasa da karin magana da bayani mai zurfi da shi.

Abban Sadiq

Malam na yarda da kusan duk abin da ka faɗa amma ina so a yi adalci kaɗan, kar Maman Khalifa ta fita da tunanin Turancin a barshi sai makaranta. WAEC da JAMB da Turanci za a yi masa tambayoyin, kuma mu da muke kasuwa mun san yadda rashinsa yake sa a cuci mutum a takarda. Ni abin da nake yi, wasan iri ɗaya ne amma wata rana da Hausa wata rana da Turanci, bana cakuɗa su a zama ɗaya.

Kuma iyaye maza mu ma da namu a ciki, ba aikin uwa kaɗai bane. Ni shagona a Kantin Kwari yake, safe nake fita sai dare, lokacin da nake samu da yara shine hanyar makaranta, to a nan muke namu. Wani lokacin nace yau harafin M muke farauta, duk allon shago ko bayan adaidaita da suka ga M su nuna, in go-sulo ya riƙe mu a Kabuga ma riba ce. Wani lokacin ƙofofin gari muke jerawa kowa ya kawo ɗaya, Ƙofar Mata, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Na'isa, Ɗan Agundi, Gadon Ƙaya, Dukawuya, Ƙofar Ruwa, Mazugal, Wambai, wanda ya maimaita ya fita. Wanda suka fi so shine na je kasuwa, nace na je Yankaba na sayo tumatir, na biyu yace na je Yankaba na sayo tumatir da attaruhu, na uku ya maimaita ya ƙara albasa, haka kayan suke ta yawa har wani ya manta ɗaya. Gobe mu koma Dawanau a jero hatsi, jibi 'Yan Lemo a jero kayan marmari, in aka zo Kwari kuma atamfa da shadda da leshi da yadi, nan dai babu mai kada ni. Kuma wanda ya sayo kankana a Dawanau sai ya bayyana mana yadda aka yi, a nan ake shan dariya da surutu.

Babban nawa da ya shiga aji huɗu na saya masa Scrabble, wasan nan na haɗa kalmomi da haruffa, kuma ba wasan raini bane, ɗan Najeriya Wellington Jighere ne ya ci gasar duniya a 2015 a Ostareliya, shine ɗan Afirka na farko da ya ci. Amma ɗan shekara biyar kwalin indomi ya ishe shi, ki yanka ƙanana ki rubuta ba, ka, ki, ta, fi, ra a kansu ya dinga haɗawa.

Ummu Aisha

Duk an yi ta Khalifa, ni ta Ilham ce ta tsaya min a rai. 'Yar uwa ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara. Gaskiya ne yara sun bambanta kuma wasu suna jinkiri su zo su kama, amma abin da ake sa rai shine wajen shekara ɗaya yaro ya fara kalma ɗai-ɗai, in ya cika biyu yana da kalmomi kamar 50 kuma ya fara haɗa biyu, irin mama ruwa, baba tafi. 'Yar wata 28 da kalmominta basu kai goma ba ta cancanci a duba ta, ba don a tayar miki da hankali ba, don in akwai abin gyarawa gara yanzu. Abu na farko da ake dubawa kunne ne. Ciwon kunnen nan mai zubar da ruwa da muke rainawa, da ƙyanda, da sanƙarau da yake zuwa mana lokacin zafi, da ciwon shawara mai tsanani a jarirai, duk suna iya rage ji. Kuma kar kice ai tana juyowa in an buga ƙofa, yaro yana iya jin ƙara mai ƙarfi amma sautukan magana suna zuwar masa a dushe. Ki fara da asibitin yara na Hasiya Bayero ko wanda yafi kusa da ke, in da buƙata zasu tura ki sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai shi a asibitin Malam Aminu Kano.

Kafin nan wasanninta daban ne da na yayanta. In ta nuna abu kar ki miƙa mata nan take kuma kar ki hana ta har tayi kuka, ki ɗaga biyu kice ruwa ko kunu, ki dubi fuskarta ki ɗan jira, jiran nan shine sirrin, mu manya mun cika saurin cike wa yaro shirunsa. Ko sauti kaɗan ta fitar ki karɓa, kice kunu, ga kunu. In tace mota kice jar mota, kalma ɗaya kawai zaki ɗora a kan tata. Lokacin wanka ina hanci ina kunne ina ciki, kukan dabbobi, mage tace me, tunkiya tace me, wasan ɓuya da mayafi kice ina Ilham, ga ta. Ki sauko daidai tsayinta tana ganin bakinki.

Waya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 tace 'yan ƙasa da shekara biyu ba a so a ajiye su gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma yafi. Dalilin a fili yake, katun baya jiran yaro ya amsa.

Malam ƙari ɗaya a kan karya harshe, in yaro yana in'ina a bar masa wannan tukunna. Tsakanin shekara biyu zuwa biyar yara da yawa suna yinta kuma yawanci tana wucewa, abin da yake ƙara ta shine a dinga cewa yi sauri, ko a ƙarasa masa magana, ko 'yan uwa su dinga kwaikwayonsa.

Maman Khalifa

Kai jama'a Allah ya biya ku, Hajiya Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Malam da Abban Sadiq na gode ƙwarai, na kwafe duka na ajiye. Ummu Aisha kin taɓo inda ban kawo ba, bara da damina kunnenta na hagu yayi ta zubar da ruwa, aka ɗiga magani ya tsaya, insha Allah satin nan zamu je, na gaya wa babansu ya amince.

Saura abu ɗaya, Khalifa yana da zuciya, in ya kasa abu sai yayi fushi ya tashi yace waya yake so. Ya zan yi kar wasan ya koma rigima?

Hajiya Yakasai

'Yata ɗan shekara biyar ba a kada shi kullum. A farko cikin uku ki tabbata biyu waɗanda zai ci ne, kuma ke ma ki dinga faɗuwa ya karɓi gari a hannunki, yaro yana son ya ga yau shine malami. Kar ki kira shi karatu, kar kuma ki zaunar da shi musamman, kina tsintar shinkafa ki jefa masa ɗaya, in ya karɓa ku ci gaba in bai karɓa ba ki rabu da shi sai anjima. Minti goma ya isa, ki tsaya tun yana so a ƙara. Lokacin da ya dawo da yunwa ko barci yana idonsa ba lokacin wasa bane. In kuna da yaran maƙwabta ki jawo biyu ko uku, abin da zai ƙi yi da ke zai yi shi da gudu in ya ga sa'anninsa suna rige-rigen amsawa. Wayar ma tunda yana sonta ki sa ta aiki, ya naɗi muryarsa yana yi wa kakarsa kacici-kacici a WhatsApp, ita ma ta aiko masa da amsa da wani sabo, surukar taki ina da tabbacin tana da su fal a kanta.

Ummu Aisha

Madalla da kika tuna zancen kunnen, ki faɗa wa likita shi da farko, wane kunne ne, kwana nawa yayi yana zuba, da sunan maganin in kina da kwalbar. Ki rubuta duk kalmomin da take faɗa a takarda ko da ba daidai take furta su ba, da waɗanda take ganewa in an faɗa mata ba tare da nuni ba, don za a tambaye ki kuma a gaban likita mantawa ake. Ki tafi da katin rigakafinta, kuma ku fita da sassafe saboda layi. Allah ya bata lafiya.